Ruwan Daɗi a Tafkin Gishiri

Yayana mutum ne da in ya kafe a kan abu, ko jaki sai ya sallama masa. Shi aka damƙa wa makullin ƙofar ruwan da aka gina a bakin kogi, lokacin da aka farfaɗo da tafkinmu na gishiri bayan ya ƙafe ya koma fili fari fat. Ni kuwa aikina awo ne. In shiga kwalekwale, in zura kwalba da igiya, in ɗebo ruwan sama da na ƙasa in kai ɗakin gwaji.

Ƙa'idar aikinsa ba ta da wuya: a saki ruwan kogi kaɗan-kaɗan, a bar iska ta gauraya shi da na tafkin. Ruwan daɗi ba shi da nauyi. In ya zo da yawa sai ya kwanta a kan na gishiri kamar mai a kan ruwa, na ƙasa ya rasa iska ya ruɓe, ƙananan jatan landen da tsuntsaye ke ci su mutu. Amma Yaya ya ga tafkin nan a bushe, ya shaƙi ƙurar gishirinsa har ƙirjinsa na kuka, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A wurinsa cikakken tafki shi ne lafiyayye. Da damina ta kankama ya murɗe ƙofar gaba ɗaya ya bar ta a wangale.

Ruwa ya hau matakalar gaɓa, mutane suna ta sa masa albarka, shi kuma kai ya kumbura. Ni kaɗai na san abin da ke ƙasa, don kwalbata ta fara fitowa baƙa wuluk tana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Na same shi a ɗakin ƙofar, ya miƙe a benci, ƙafa ɗaya kan ƙarfen murɗawa, rediyo na ta surutu. Na buɗe kwalbar na kanga masa a hanci. Ya ce in kwashe ƙazantata daga gabansa, wai tun ina goye yake iyo a tafkin nan. Na ce iyo daban, awo daban. Ya ce baƙin ciki nake yi don shi ake yabo. Raina ya ɓaci matuƙa, don na san in maganar ta kai ofishin Shugabar aikin, aikinsa ya tafi.

"Yaya, ka rufe ko rabi ne. In Shugaba ta tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba."

"To ki faɗa mana. Baki ai naki ne."

Ya ƙara muryar rediyonsa.

Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Aka wayi gari gaɓa ta yi ja da matattun jatan lande, tsuntsaye sun watse, wari har cikin gidaje. Shugabar aikin ta kira mu ofis, ta tsayar da mu a gaban teburinta, ta tambaye ni ko an bi ƙa'idar sakin ruwa. Yaya ya zuba mini ido. Na ce ba a bi ba, kuma na gargaɗe shi ya yi kunnen uwar shegu. A take aka karɓe makullin.

Tafkin ya daɗe yana jinya kafin iska ta gauraya shi, warin ya lafa, tsuntsaye suka soma dawowa tsilli-tsilli. Har yau ban ce na yi kuskure ba, kuma ba zan ce ba. Shi ya nemi kashe tafkin da ƙaunarsa ta jahilci.

Duk da haka, da na ji tarinsa ya tashi, na yi ta-maza na tafi dubiya. Matarsa ta tare ni a bakin ƙofa, tana kallon ƙasa, ta ce bari ta gaya masa. Ba ta ma kai ciki ba muryarsa ta fito ta taga, tana shaƙewa.

"Ki ce mata ta yi ɓatan kai. Mai gidan nan ba shi da ƙanwa."