Garwashi a Ƙarƙashin Gadon Nuriyya

Mode mai sa silin, wanda gidansa ke nan Ƙofar Dundaye, mutum ne da ba ya iya zubar da komai. Ko lanƙwasasshiyar ƙusa ya gani a ƙasa sai ya duƙa. To, wannan halin ne ya ja masa abin da ya ja masa.

Da bazara ya samu aiki a wani sabon gini a Minanata. Ya sayo silin roba, fari mai zanen furanni, yana ta ƙyalli. Injiniyan ginin, wani saurayi Jamilu, ya juya falle ɗaya ya duba bayansa, ya tambayi hatimin da ke nuna an gwada kayan da wuta. Babu. Takarda fa? Ita ma babu. Ya karya ɗan gefe ya sa masa ashana a gaban Mode, nan take ya kama da wuta, sannan ya ce a kwashe, ba za a rufe kan mutane da wannan ba. Mai shago kuma ya ƙi karɓar kayansa.

Sai Mode ya kawo su gida. Lokacin 'yarsa ta fari, Nuriyya, matar Aminullahi, ta kusa zuwa haihuwar fari gaban iyayenta. Shi dai ko sunanta ba ya faɗi, don kunyar ɗan fari, amma son da yake mata kowa ya sani. Ya gyara mata ɗakin da ke kusa da zaure, ya rufe sama da robar nan, ragowar ya bi bango da ita har ƙasa don ɓoye tsagewar siminti. Ɗaki ya fito kamar na amarya. A ransa ya ce, wa zai hura wuta a ɗakin kwana?

Namiji ke nan. Ya manta da jego.

Nuriyya ta sauka lafiya ana tsakar damina, ta sami ɗiya mace. Washegari yayar Mode, Gwaggo Mairo, ta iso daga Dundaye da ƙullin kanwa da ganyen wanka da kaskonta. Ita ta yi wa matan zuriyar nan jego kaf, kuma a wajenta mai jegon da ba ta gasu ba, sanyi ya riga ya shige ta. Safe da yamma, bayan wanka, sai ta cika kasko da garwashi ta tura ƙarƙashin gadon ƙarfe, ta rufe ƙofa da taga.

Mode bai sani ba, don ba ya shiga. Rana ta huɗu da hantsi, yana fitar da babur, wani wari ya doke shi, kuma ya san warin. Ya yar da babur, ya banka ƙofar ɗakin ko sallama babu.

"Subhanallahi! Mode, haukacewa ka yi?" in ji Gwaggo Mairo. "Ɗakin mai jego na!"

Kai tsaye ya nufi gadon. Ya durƙusa ya jawo kaskon da hannu. Robar bangon da ke bayan gadon ta yi laushi, ta kumbura, furannin sun narke sun zama ruwan ƙasa. Jaririyar tana kwance tazarar taki ɗaya daga wurin.

"Yaya, a daina sa wuta ɗakin ga."

"A daina mi? Kai da kanka bisa garwashi anka gasa uwarka, shi ya sa ka hito da ƙahwahu biyu. Yau kai ka koya min jego?"

"Ba jegon ba na, Yaya. Ɗakin na."

Ya fita tsakar gida da kaskon, ya ɗauko guntun robar da ya rage, ya ɗora gefen guntun a kan garwashin. Nan da nan ya kama. Ya janye shi, wutar ba ta mutu ba, sai ma ta hau. Ga baƙin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, ga ɗigo yana zuba ƙasa, kowane ɗigo da wutarsa. Bara'atu, matar Mode, ta fito daga madafa tana tari.

Gwaggo Mairo ta dubi ɗigon nan, ta waiwaya ta dubi rufin ɗakin ta ƙofa. Sannan ta juyo kan Mode.

"Yaushe ka san haka take?"

Mode ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nike. Kahin ka sa, ko bayan ka sa?"

"Kahin."

"Kuma ka kwantar da ɗiyarka ciki." Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. "Wuta dai ba a hwasa ta, ba ni maida yarinya ga mijinta da sanyi a jiki. Sai ka san inda za ka kai mu."

Ɗaki ɗaya ya rage a gidan, tsohon ɗakin ƙasa na marigayiya mahaifiyarsu, mai rufin azara, inda ake ajiye buhunan gero. Mode ya shiga fitar da buhuna shi kaɗai.

Nuriyya tana jin komai daga gado. Da ya zo ɗaukar katifa ta ce, "Baba, saura kwana ukku suna. Dangin Aminullahi duk suna tahe, an gaya musu ka gyara min ɗaki. Ɗakin hatsi za su iske ni?"

"Su iske ki da rai," in ji shi, bai dube ta ba.

"To a cire robar mana."

"In na ɓamɓare, kwano tsirara za ya rage, ga ruwa. Ba ya gyaruwa kahin suna."

Ta juya fuska bango ta yi kuka mara sauti. Gwaggo Mairo ta naɗe jaririyar a zani ta wuce gaba, Bara'atu ta riƙo Nuriyya, suka ratsa tsakar gida a hankali, yayyafi na sauka. Da suka zo daidai inda Mode yake tsaye, Nuriyya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ranar suna mata suka cika ɗakin ƙasa, wasu na tsaye a waje suna ƙus-ƙus. Wata daga dangin miji ta leƙa ta tagar ɗakin roba, ta ce kai, ga ɗaki mai kyau an kulle, an kai mai jego rumbu. Mode yana zaure yana ji. Har aka watse bai shigo ba, Nuriyya kuma ba ta aika a kira shi ba.