Wanda Aradu Ta Zaɓa

Me ya sa aradu ta tsallake Mazatl ta faɗa wa ƙanensa? Ni ban sani ba, shi ma Mazatl bai taɓa samun amsa ba.

Tun yana yaro yake hidima a ɗakin bautar Tlaloc, mai aiko da ruwa. Ya yi azumi har haƙarƙarinsa suka fito, ya huda kunnuwa da ƙaya ya ba da jini. Shi kuwa ƙanensa Tochin, mashayi ne, yana kwance a gindin bishiya aradu ta buge shi. Ya tashi da mataccen hannu, amma tun ranar, idan ya watsa toka sama ya daka wa hadari tsawa, ƙanƙara sai ta kauce. Manoma suka koma kai masa talotalo. Har mahaifiyarsu, in gari ya yi baƙi, sunan Tochin take kira.

Rannan Tochin ya tare Mazatl a kasuwa.

"Yaya, hannu ɗaya ba ya riƙe kasko ya kuma watsa toka. Ka riƙa riƙe mini mana."

"Ni? In zama ɗan riƙon kaskon boka?"

"To ai kai ka san sunayen Tlaloc duka. Ni ashar kawai na iya, kuma yana ji."

Wannan "yana ji" ta ci wa Mazatl rai.

Gonar ɗakin bauta a hannunsa take, kuma babban masu hidimar ya riga ya gaya masa cewa in masarar bana ta lalace, ya nemi wani wurin. Tana cikin fitar da gemu hadari ya taso daga bayan dutse, fari fat a ƙasansa. Mazatl ya busa ƙaho, ya ƙona turare, ya jero sunayen nan kaf. Ƙanƙarar farko ta faɗo cikin turaren ta kashe wutar.

A bakin gona ya hangi Tochin, ya matse kasko a hammata, toka na zuba a ƙafarsa.

"Wa ya kira ka?"

"Inna. Ta ce kada a kore ka, ba ta da wurin ajiye ƙato."

Mazatl ya dube shi. Ko yanzu ma, da za a ba shi zaɓi, da ya karɓi mataccen hannun nan da murna.

"Kawo nan, mashayin banza."

Ya durƙusa a laka, ya ɗaga kaskon da hannu biyu.