Hoton Mama Afiniki a Tagar Kantina

Kantina yana kallon tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, kuma a duk layin ni kaɗai ce mai tagar gilashi. Marigayi mijina ne ya sa ta, don ya ga irinta a Jos. Sunana Bernice, amma kowa Madam yake ce mini, har Fasto. Ina sayar da sabulu, madarar gwangwani, fitilar ƙwai, littafin waƙoƙi, da duk abin da fasinja yake tunawa sai ya baro gida.

A shekarar 1974 Malam Silvanus Kumai ya kawo mini hotuna a cikin firam. Malamin firamare ne, amma rabin hankalinsa yana cikin kyamara. Ya ce in jera su a tagar, duk wanda aka saya mu raba. Na duba na ga ruwan Matsirga, da dutsen Kagoro, da kan jirgi yana fitar da hayaƙi.

Na ce, "Malam, wa zai sayi hoton dutse? Ga dutsen can a tsaye, kallonsa kyauta ne."

Ya ce, "Madam, ke dai ki jera."

Na jera, kuma na sha kunya. Ma'aikatan reluwe da aka yi wa canjin wurin aiki suka riƙa saye, malamai ma haka, Turawan mishan kuwa ba a magana.

Hoto ɗaya ne a ciki mai labari. Wata tsohuwa ce daga Madakiya, Mama Afiniki, tana ɗauke da akushin doya a kafaɗa yadda matan ƙasarmu suke ɗaukar kaya. Ita da kanta ta tare Malam Silvanus a kasuwa ta ce ya ɗauke ta, amma da sharaɗi: a sa hoton a tagata, fuskarsa na kallon tasha.

Ɗanta Meshak ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Yaƙi ya ƙare, 'ya'yan mutane suka dawo, wasu aka kawo labarin mutuwarsu. Shi babu shi, babu labarinsa. Sai wani ɗan garinsu mai aikin reluwe ya gaya mata ya hango shi sau biyu a jirgin da ke zuwa daga Enugu ya wuce Kaduna. Jirgin nan yakan tsaya fiye da awa ɗaya a Kafanchan, fasinjoji su fito neman abinci. Tsohuwar ta yi ta zuwa tasha tana leƙa tagogi har ƙafafunta suka gaza.

Ta ce mini, "'Yata, ni ban iya tsayawa kullum. Hoto kam ba ya gajiya. Bari ya tsaya mini. In ya gan ni, zai zo gida."

Gaskiya ta ba ni tausayi ƙwarai. Na sa hoton a tsakiyar taga.

Abin dariya, shi ya fi kowane hoto kasuwa. Turawa uku suka nemi irinsa, Malam Silvanus ya yi ta wanko sabo yana sa wa firam. Da na gaya wa Mama ta riƙe baki ta ce, "Bature zai yi me da fuskana?" Amma na tagar ba mai taɓa shi. Duk ranar kasuwa takan zo, ta sauke akushinta, ta tambaye ni da ido. Ni kuma in girgiza kai. Haka muka yi wata biyar.

Ana nan na je Kaduna sarin kaya, na ga yadda manyan kantuna suke shimfiɗa wa kaya mayafi su kewaye shi da furanni. Na ce a raina, ai shi ya sa yaron bai lura ba, hoton ya ɓace a cikin duwatsun Malam Silvanus. Da na dawo na kwashe sauran hotunan gefe. Na sa ƙaramin tebur, na shimfiɗa farin mayafi, na ɗora hoton Mama shi kaɗai, na jera furannin roba hagu da dama. Na koma baya ina yaba wa kaina.

Ni da na yi shekara ashirin a zumuntar mata ta cocinmu, na halarci jana'iza ba iyaka. Na san sarai cewa a wurinmu ba a ɗora hoton mutum shi kaɗai a kan farin mayafi da furanni sai ranar da za a kai shi kabari. Amma Kaduna ta cika mini kai, ban ga abin da na yi ba.

Washegari da rana jirgin Enugu ya iso. Ina auna wa wata mata sukari sai na ga mutum tsaye a gaban taga kamar an dasa shi. Dogo ne, da tsohuwar rigar sanyi ta soja duk da zafin da ake yi. Hannun rigar na dama an naɗe shi an kama da fil, babu komai a ciki. Ya daɗe a wurin kafin ya shigo.

Ya ce, "Madam, yaushe aka yi?"

"Aka yi me?"

"Rasuwar. Tsohuwar nan ta taga."

Na leƙa tagar, sai a lokacin idona ya buɗe. Kafin in buɗe baki ya zauna a kan buhun gishiri ya fara kuka, irin kukan da babban mutum yake yi ba sauti, kafaɗu kawai ke rawa.

Ya ce, "Uwata ce. Sau huɗu ina ganin hoton nan. Ina tsayawa can ƙarƙashin mangwaro in kalle ta, in koma jirgi. Na ce sai an sa mini hannun roba a asibiti tukuna. Manomi ta haifa, yaya zan je mata haka? Ki sayar mini da shi, ko nawa ne."

Sau huɗu. Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana sun yi zafi. Tsohuwa tana jan ƙafa daga Madakiya duk mako, shi kuma yana laɓe a gindin mangwaro. Na so in wanke shi tas. Amma na dubi hannun rigar nan, na kuma tuna cewa ni na kashe masa uwa da mayafina, sai fushin ya sauka.

Na ce, "Meshak, share hawayenka. Ba na sayar maka da hoton nan. Mamanka tana da rai, shekaranjiya ma ta zauna a kan buhun da kake kai. Ni ce na yi wauta da furanni, ka gafarce ni."

Ya ɗago ya dube ni. Na zaci zai yi murna, sai na ga tsoro ya dawo masa fuska. Ya juya yana kallon tasha, daidai lokacin jirgi ya yi kukan farko.

Ya ce, "To, tunda tana lafiya, wata mai zuwa..."

Na tare ƙofa. "Babu wata mai zuwa. Yanzun nan ka ɗanɗana yadda ranar za ta kasance. Yau kuskurena ne, wata rana ba kuskure ba ne, kuma ni zan shimfiɗa mayafin da hannuna. Ita ba hannu ta ce in tsare mata a taga ba, kai ta ce."

Jirgi ya yi kuka na biyu, muka ji ƙarar ƙafafun jirgin yana tashi. Meshak bai motsa ba har ƙarar ta ɓace.

Ban yarda da shi ya tafi shi kaɗai ba. Na kwashe furannin, na rufe kanti da tsakar rana, abin da ban taɓa yi ba, muka hau motar Madakiya. Da muka sauka sau biyu yana tsayawa wai zai gyara takalmi, ni kuma ina tsaye a bayansa.

Mun sami Mama a tsakar gida tana sheƙar acca. Ta ɗago ta gan ni, ta fara gaishe ni, sai idonta ya wuce kaina. Faifan ya zame daga hannunta, acca ta watse, kaji suka taru ba wanda ya kore su.

Meshak ya tsaya a bakin zaure, ya juya gefensa na dama yana ɓoyewa. Ya ce, "Mama."

Ta taso a hankali, ta zagaya ta gefen da yake ɓoyewa. Ta cire fil ɗin, hannun rigar ya sauko yana lilo. Ta kama bakin hannun rigar ta riƙe gam, ta ja shi zuwa ɗaki, shi kuma ya bi ta.