Ƙwaryar Nono a Teburin Manaja

Shekarar da kamfanin alkama ya sauka a fadamar gabas da Hadejia, lauya ɗaya gare shi, kuma mace ce, Safara'u Yakubu. Ita ta yi ta zaryar Kano har aka sami izinin shigo da injinan ban-ruwa. Noman alkama da inji sabon abu ne a nan, kuma tana so ya yiwu.

Abu ɗaya ta nema: a bar burtali a jikin jingar da za a kewaye gonar da ita.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa manaja, Alhaji Gwadabe, "ƙasar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. In ruwa ya cika ta masunta ce, in ya janye ta manoma, da rani kuma ta nan shanu ke zuwa mashaya. Izinin dagaci na noma ne kawai."

"Malama lauya, na ɗauke ki ne ki buɗe mini hanya, ba wa shanu ba. Ardo Buba, shugaban makiyayan nan, ba kawunki ba ne?"

"Kawuna ne. Shi ya sa na san ba kotu zai je ba."

Ta ƙi sa hannu a tsarin jingar. Aka gina duk da haka, aka fitar da teburinta baranda, kusa da gangunan mai. Ma'aikata suka sa mata lauyar shanu. Kullum da safe takan goge teburin, ta zauna kai a sama, ta yi duk aikin da aka jefo mata. A haka ruwa ya janye, alkama ta fito kore shar.

Sai shanu suka fara taruwa bayan jinga, daga wajen Baturiya. Ba sa matsowa, amma kullum ƙaruwa suke. Makiyayan na tsaye, sanduna a kafaɗa, suna kallon gonar.

Wata hantsi ta shiga ofis ta ga ƙwaryar nono buɗe a teburin manaja, ludayi a ciki. Ga rago ɗaure a bakin taga.

"Kawunki ya aiko da gaisuwa," in ji Alhaji. "Ashe ya san girma."

"Ka sha?"

"Har na raba wa direbobi."

"Me ɗan aiken ya ce?"

"Ya tambaya ko na karɓa. Na ce na karɓa, na gode."

Safara'u ta dafa tebur. "Ranka ya daɗe, izinin wucewa ya nema. Wanda bai yarda ba, a rufe yake mayar da ƙwaryar. Ka ba su hanya ke nan. Za su taho da zuciya ɗaya, da matansu da 'ya'yansu, ga masu gadinka da bindigogi."

Alhaji ya leƙa taga. Can nesa belbelu sun tashi, layin shanun ya fara motsi.

"Burtalin nan naki," ya ce a hankali, "ta ina zai bi?"

"Ta gindin tsamiya. Alkamar da za a rasa kaɗan ce. A karɓe bindigogin tukuna."

Aka nemi direban katafila ya fasa jingar, aka ce ya tafi Malam Madori neman wani ƙarfen inji, sai yamma.

Ta fita baranda, ta tuɓe takalmanta na ofis, ta tura su ƙarƙashin tebur.

Ta juyo wajen Alhaji. "Ka tara mutane da shebur su fasa jingar. In Kawu ya ji maganata, zai tsaya har la'asar."

"In bai ji ba fa?"

Ta ratsa alkamar, ta hau jingar, ta gangara ɗaya gefen. Shanun na tahowa ba gaggawa, ƙasa na rawa ƙarƙashin tafin ƙafarta. Ta miƙe sosai don a gane ta daga nesa, ta nufi farin bijimin da ke gaba.