Kek ɗin Bodil

A shekarata ta ƙarshe a ofishinmu na bakin tashar jiragen ruwan Esbjerg aka kawo shirin kula da lafiyar ma'aikata. Malene, sabuwar shugabarmu, ta kafa kwamiti, aka saka ni don a ce an tuntuɓi tsofaffi. Aka kawo kwandon tuffa da karas, sannan aka waiwayi kek ɗin Juma'a.

Shekara ashirin da biyu Preben, mai tsara shigowar jirage, yana kawo mana kek ɗin kirfa da matarsa Bodil ke gasawa. Malene ta karanto mana illar sukari. Na ga zamanin da aka ce ƙwai ne zai kashe mu, na ga zamanin da aka wanke shi, amma da aka ce a hana kek sai na ɗaga hannu tare da kowa.

Juma'a ta uku bayan hanin na hango Preben cikin motarsa da tsakar rana, gwangwanin kek a cinya, yana tura kek yana haɗiya da ƙyar. Na ƙwanƙwasa gilashi.

"Tsohon ɓarawo, kai kaɗai?"

"Shigo, Ragnhild, kafin 'yan sandan karas su gan mu."

A nan ya gaya mini Bodil ta fara mantuwa. Sunan ɗansu ma ya ɓace mata, amma ran Alhamis, ranar gasa kek, hannuwanta sun san aikinsu.

"Da na koma gida sai ta buɗe gwangwanin, ta ce, 'Mutanen ofis sun cinye?' Shekara arba'in ban yi mata ƙarya ba. Ba zan fara yanzu da ba za ta iya kama ni ba. Ni ma ai mutumin ofis ne."

"To ka faɗa wa Malene mana."

"A zauna a kan Bodil a kwamiti? A'a. Ci kawai, bakinki ya fi nawa girma."

Tun daga ranar muke cin kek a mota duk Juma'a. Wani mako ya ƙone. Wani mako gishiri ta zuba a madadin sukari, muka cinye tas da ruwan gora, yana dariya yana share ido.

A watan Nuwamba na sauko na tarar da shi zaune, hannu biyu a kan sitiyari, babu gwangwani.

"Jiya na fito mata da fulawa da kirfa," in ji shi. "Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta tambaye ni na waye."

Muka zauna har lokacin hutu ya ƙare. Da muka hau sama Malene ta tare shi da fara'a, ta ce ta lura ya rame, shirin yana aiki. Ya yi mata godiya, ya ɗauki tuffa ɗaya ya ajiye a gefen teburinsa. Ran Litinin tuffar tana nan yadda ya bar ta.