Garmar da aka kawo wa Na'Allah

Shekara biyu bayan saukar da tutar Faransa, wani malamin gona mai suna Surajo ya iso Cadakori da garma ɗaure bayan mota. Daga gidan binciken gona na gwamnati aka aiko shi. Can suka gwada garmar a kan yashi har ta yi daidai da ƙarfin shanun ƙasar, yanzu maƙeran ƙauye ake nema su riƙa ƙera ta.

Na'Allah maƙeri ya juya ta, ya shafa bakinta, ya ji ta kwanta masa a rai.

"Ƙarfe da zanen garmar duk namu ne, Baba," in ji Surajo. "Sharaɗi guda ne. Wanda duk ya zo koyo, ka koya mashi."

"Ko wane ne?"

"Ko wane ne. Abin gwamnati na kowa ne."

Na'Allah ya amsa, don a zatonsa babu mai zuwa. Ɗan manomi ba ya zama gaban wuta. Ya kuwa san abin da ke wuyansa: yana riƙe da hannun mahaifinsa ranar rasuwarsa ya rantse ba zai ba bare sirrin ƙira ba.

Sai ga Jaye, Bafillacen da ciwo ya share wa garke, ya zo koyo. Mutum ne mai furfura, da 'ya'ya, ba ko saniyar tatsa. Ya tsuguna bakin maƙera bai ɗago kai ba.

"Kai, Jaye, maƙera ba ta tatsuwa," in ji Na'Allah.

"Na sani, Sarkin Wuta. In da tana tatsuwa ai da kun ƙoshi."

Suka yi 'yar dariya, kowa da nauyinsa.

Tsoho, ƙanen mahaifin Na'Allah, ya ji labari ya zo da sandarsa. "Ina wurin ka yi rantsuwar nan," ya ce. "Ban mutu ba tukuna."

Na'Allah ya daɗe yana auna abin. Garmar ba gadonsu ba ce, ba laifi ya nuna awonta da lanƙwasarta. Amma bakin garma ba ya jure ƙasa sai an san lokacin fidda shi daga wuta a tsoma ruwa, wannan kuwa na mahaifinsa ne. In ya ɓoye, garmar Jaye za ta karye tsakiyar gonar wani. In ya faɗa, ya ci amanar mamaci.

Sai ya sami dabara: ba zai ce komai ba. Zai yi aikinsa a hankali, mai ido ya gani. Haka aka yi ta yi har damina ta ƙarato, Jaye na zuga yana kallo, Tsoho na zaune gefe yana jan carbi. Dabarar ba ta ba Na'Allah natsuwa ba. Ya ga bai koya wa mai rai ba, bai kuma cika wa mamaci alkawari ba.

Ranar da Jaye ya ɗauki awartaki da kansa, ya zaro ƙarfen tun bai nuna ba, ya nufi ruwa. Na'Allah ya dubi Tsoho. Tsoho ya tsayar da carbinsa.

"Mai da shi wuta, Jaye," in ji Na'Allah. "Jira sai jan ƙarfen ya buɗe, ya yi haske. Zan gaya maka lokacin."

Tsoho ya dafa sandarsa ya miƙe, ya fita ba sallama. Na'Allah bai bi shi ba. Ya ja zugazugi gabansa, ya ci gaba da hura wa Jaye wuta.