Launin Mayafi

A ofishin 'yan sanda, Malam ya jawo takardar daga gaban Kofur, ya zaro jan biro daga aljihun gaba, ya ja layi a ƙarƙashin kalmomi uku.

"Sau nawa na gaya muku? A Turanci siffa ba ta zuwa yadda ta ga dama. Girma ne a gaba, sai shekaru, sai launi, sannan suna ya biyo su a baya. Doguwa, tsohuwa, baƙa, mace. Ke kuma kin fara da launi."

Kofur ba ta yi musu ba. Shekara ashirin da suka wuce a ajinsa take zama, layin gaba kusa da taga, kuma tun a lokacin ba a kiransa da komai a bayan idonsa sai Jan Biro. Ta bar shi ya gama gyaransa. Takardar ta cigiyar wanda ya ɓata ce, kuma matar da ake jera wa siffofin nan matarsa ce.

"Na gyara, Malam," in ji ta, ta ɗauko sabuwar takarda. "Sake gaya mini yadda aka yi, a hankali."

Ya sake faɗa. Shekara uku ke nan mantuwa ta kama maiɗakinsa. Sunayen jikoki ne suka fara zubewa, sai na 'ya'ya, daga baya nasa ma ya bi, ta koma kiransa Malam kamar kowa. Yau ranar ganin likita ce. Sun fito lafiya lau, ya zaunar da ita a kan benci a bakin ɗakin magani, ya ce kada ta motsa, ya shiga layi. Da ya karɓo maganin ya dawo, sai benci kawai ya tarar. Ya zagaya asibitin sau biyu, ya tambayi masu gadi da masu shara, ba wanda ya ce ya gan ta.

Akwai abin da ya tsallake a labarin, kuma shi ne yake cinsa. Layin bai yi tsawo ba. A jikin bangon ɗakin maganin an liƙa wata sanarwa da Turanci, an sa wakilin suna na namiji inda ake magana a kan masu juna biyu, an kuma jera siffofi biyu a baibai. Malam ya tsaya ya gyara. Da ya gyara sai ya ga ya kamata ya bayyana wa mai ba da magani dalili, shi kuwa bawan Allah ya yi kuskuren tambayarsa me ya sa. Minti goma sha biyar aka yi ana darasi ta ƙaramar taga.

"Tsawonta?" in ji Kofur.

Ya faɗa har da santimita. Ya ba da shekarunta, da ranar haihuwa, da lambar katin asibiti, da sunayen magunguna uku ba tare da ya duba ledar maganin ba.

"Wace sutura ce a jikinta?"



"Atamfa," in ji shi. "Da mayafi."

"Wane launi?"

Fanka tana juyawa a sama, wani ɗan sanda yana jan kujera a ɗaki na gaba. Malam ya runtse ido ya nemo safiyar yau. Ya ga kofin shayinta, ya ga ƙwayar magani a tafin hannunta, ya ga kujerar bas da ya zaunar da ita a kai. Ita kanta kuwa sai ya gan ta kamar kullum, ba launi. Mantuwa ba ta taɓa mata zaɓen kaya ba, har yau ita ke buɗe akwatinta ta ɗauki abin da ranta ke so, shi nasa kawai ya ce ta yi sauri. Shekara arba'in da ɗaya suna ɗaki guda, amma da za a ɗora masa wuƙa a wuya ba zai iya cewa kore ne ko ruwan ƙasa ba. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gaban sufeton makarantu.

"Ban duba ba," ya ce a hankali.

"Ba komai, Malam. Mazan da ke zuwa nan, rabinsu haka suke ce mini. Wani ma takalmin kansa bai sani ba." Ta bar gurbin a buɗe. "A kira babbar 'yarku?"

"Bari tukuna. In ta tambaye ni ina nake lokacin, me zan ce mata?"

Kofur ta juya biro a hannunta. Ta dubi agogon bango, ta sake duban takardar.

"Ƙarfe nawa ka ce ka neme ta ka rasa?"

"Goma saura kwata."

"Ta ɗauki wani abu?"

"Kwandon da muke sa ruwa da katin asibiti. Shi ma babu shi."

Sai ga murmushi a fuskar Kofur, ta ɗauki hularta.

"Malam, ka san me ya sa nake son kujerar taga a ajinka? Ba don Turanci ba, ka yi haƙuri. Daga nan nake hango ƙofar makaranta. Idan na ga Mama ta ɓullo da kwando, na san saura minti biyar a kaɗa ƙararrawar hutun ƙarfe goma, mu huta da siffa da suna. Duk ajin da ni suke duba lokaci. Ko ruwa ake yi sai ta kawo maka abinci."

Malam ya dube ta. Shi dai ya san kullum yakan tarar da kular abinci a kan teburinsa a ɗakin malamai. Bai taɓa tsayawa ya yi tunanin ƙafar da ta tako da ita ba.

Makarantar ba ta da nisa da asibitin, titi biyu ne da kwana ɗaya. Suka tafi a ƙafa, Kofur na gaba, Malam na binta da ledar magani. Rabonsa da hanyar tun da ya yi ritaya. An sake wa katangar fenti, an sare bishiyar da ke bakin ƙofa, maigadin ma sabo ne.

Matar Malam tana zaune a kan kujerar maigadin, a inuwar rumfa, kwando a cinya, ta riƙe shi da hannu biyu. Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta.

Maigadi ya miƙe, ya dubi Malam daga hula har takalmi, ya tuntsire da dariya.

"Wallahi shi ne! Baba, ai tun ɗazu nake jiranka. Mama ta ce mijinta ta kawo wa abinci. Na ce wane ne a cikin malamai, ta ce sunan ya kwanta mata. Na ce to yaya yake? Ta ce dogo ne siriri, farar riga ce a jikinsa mai zanen shuɗi, maɓalli na biyu ya fita an maye shi da baƙi, hularsa ta karkace hagu, akwai jan tawada a bakin aljihu. Na shiga ɗakin malamai na duba kowa, ban ga mai baƙin maɓalli ba. Na ce ta zauna ta huta, mai irin wannan shaida ba ya ɓata."

Malam ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa. Maɓalli na biyu baƙi ne. Bai san ranar da ya fita ba, bai san ranar da aka mayar ba.

"Ta bi tsari kuwa, Malam?" in ji Kofur, tana danne dariya. "Girma a gaba, sai launi?"

Malam ya wuce su. Ya je ya durƙusa a gaban matarsa.

"Ka makara," in ji ta. "An kaɗa tun ɗazu. Abincin ya huce."

A cikin kwandon ba komai sai robar ruwa da katin asibiti. Ya karɓa da hannu biyu.

"Na gode. Laifina ne, na tsaya surutu."

"Halinka ne ai."

Kofur ta ninke takardar cigiyar ta sa a aljihu, ta ja maigadi gefe suna magana. Malam bai tashi ba. Ya zuba wa matarsa ido, ya bi ta a hankali kamar mai duba jarrabawa. Atamfa ruwan goro mai ƙananan ganye. Silifas baƙi, ɗaya ya ci gefe. 'Yan kunne ƙanana. Mayafi shuɗi mai duhu, da farin zare a bakinsa. Ya ciro katin asibitin, ya juya bayansa, ya rubuta kwanan wata da jan biro, ya jera su duka a ƙasa. Ya bar fili mai yawa saboda gobe da jibi.

"Me kake kallo haka?" ta tambaye shi, tana gyara mayafin a kafaɗa.

"Mayafinki. Yana da kyau."

Ta dubi mayafin, ta dube shi.

"Sai yau ka gan shi? Kai fa ka sayo mini."